Kafin Kuɗin Diyya Su Faɗa Asusu

Ɗana,

Gwaggonka ta ce mini an kafe sunayen waɗanda za a biya diyya, kuma sunanka ne a layin gonar gidanku. Ta ce jami'an sun karɓi lambar asusunka, sun ce kowa ya koma gida ya jira alat. Na yi muku barka. Sai dai da na tambaye ta ko ka gama biyan bashin noman nan da ka karɓa ta hannun ƙungiya, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Shi ya sa na ɗauki biro. Maganar ta fi ƙarfin kiran waya, ita takarda kuwa idan ranka ya ɓaci kana iya ajiye ta, ka sake ɗauka bayan ka huce.

Ba zarginka zan yi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Lokacin da ka karɓi iri da taki da maganin feshi, gona tana hannunka, damina tana gabanka, ba wanda ya san dare ɗaya zai raba ku da garin. Duk mazaunin Mararaban Rido ya ga abin da ya faru tun daga 2019, lokacin da mutanen ƙauyukan Kajuru da na Chikun suka riƙa sauka a nan da Kujama da Sabon Tasha, wani da katifa a bayan babur, wani da akuya a kafaɗa, wata ba ta fito da komai ba sai goyonta. Masara tana tsaye aka baro ta. Yanzu kuma aikin gwamnati ya ratsa gonar, ko da zaman lafiya ya dawo ba sauran komawa cikinta. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai tambaye ka me ya hana ka biya ba. Amma kwamfutar banki ba ta gani ba. Abin da ta sani shi ne akwai adadi, akwai ranar biya, ranar kuma ta wuce.

To ga abin da nake jiye maka. Ranar da kuɗin nan za su faɗa, wayarka tana iya yin ƙara sau biyu. Ƙarar farko, kuɗi sun shigo. Kafin ka gama ƙirga sifili, ta biyu ta biyo baya: an cire. Na taɓa ganin wani magidanci a bakin shagon mai POS yana jujjuya waya, yana miƙa wa yaron shagon ya sake karanta masa, ko idonsa ne bai gani daidai ba. Abin da ya fara fita daga bakinsa shi ne an yi masa sata. Na tausaya masa ƙwarai, amma da ya kai ƙara da sunan sata da ya faɗi, domin doka ce ta ba bankin dama, shi kuma da yatsansa ya dangwala amincewa.

Idan bankin da ke binka shi ne wanda kuɗin za su sauka a cikinsa, an gama magana tun ba a fara ba. A idon doka, kuɗin da ka ajiye a banki bashi ne kake bin bankin. To idan kana binsa yana binka, yana da damar ya haɗa lissafin biyu ya cire nasa. Tsohuwar ƙa'ida ce, kuma kusan duk takardar rance tana ɗauke da ita a cikin ƙananan rubutun nan da ba mai karantawa, ranar da kowa hankalinsa yana kan a kira sunansa.

Na san abin da samari ke gaya wa juna a majalisa: ka ba da asusun wani banki daban, shi ke nan ka tsira. A da wannan dabara tana ci. Amma tun da aka fito da BVN a 2014, duk asusun da mutum ya buɗe an ɗaure shi da zanen yatsunsa. Sannan daga 1 ga Agusta 2020 Babban Bankin Najeriya ya fara aiki da tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba bankin da ke bin mutum damar ya bi BVN ɗinsa ya ɗebi kuɗi daga asusunsa na sauran bankuna, na ajiya ne, na kasuwanci ne, na kuɗin waje ne, har da 'yar jakar kuɗin nan ta cikin waya. Ba sai an je kotu ba, ba kuma sai an kira ka ba. Da farko an ƙayyade yawan lokutan da za a gwada cirewa. A Janairun 2022 aka ɗauke iyakar, na'ura ta koma leƙen asusu ba ƙaƙƙautawa har sai bashi ya fita. Ba ta kuma tambayar daga ina kuɗi suka zo. Kuɗin buhun citta ne, sadakin 'yarka ne, diyyar gonar kakanka ce, a wurinta duk ɗaya.

Da yawa sun faɗa cikin wannan ba tare da sun ɗauki kansu masu cin bashi ba. Shirin Anchor Borrowers da Shugaba Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwambar 2015, da rancen korona na 2020 da aka raba ta bankin NIRSAL, a ƙauyuka da dama an karɓe su ne a matsayin rabon gwamnati. Waɗanda suka san gaskiya ma wasunsu sun yi shiru, don zaton ya yi musu rana. Amma tun ranar farko rance ne, kuma yana nan a rubuce.

Akwai kuma hanyar kotu, wadda ba banki kaɗai ke bin ta ba. Duk wanda ya yi nasara a kanka a shari'ar bashi yana iya roƙon alƙali ya umarci bankinka ya riƙe kuɗinka ya miƙa masa. A nan dai ana yin sallama: doka ta ce a kawo maka takardar umarnin farko aƙalla kwana 14 kafin zaman da za a tabbatar da shi. Idan irin wannan takarda ta iso ka, kada ka cusa ta ƙarƙashin katifa. Ka kai wa lauya. Hukumar tarayya mai bai wa marasa ƙarfi lauya kyauta tana da ofis a Kaduna.

Damar banki tana da iyaka, kuma ina so ka san iyakar kamar yadda ka san ta gonarku. Tsarin GSI sai da amincewar da mai rance ya sa wa hannu, kuma ya shafi rancen da aka bayar daga 28 ga Agusta 2019 zuwa sama. Abin da aka yarda a cire ta wannan hanya shi ne uwar kuɗi da ruwan da ya hau kanta. Tarar jinkiri ba ta ciki. Idan aka haɗa da tara, ko aka cire fiye da abin da ake bi, sai ka rubuta ƙorafi ga bankin, ka sa su buga hatimi a kwafinka. Idan mako biyu ya cika ba su warware ba, sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na Babban Bankin yana karɓar ƙara, reshensu na Kaduna kuma yana kan titin Yakubu Gowon. Ihu a harabar banki ba ya dawo da ko sisi. Takarda mai hatimi takan dawo da shi, ko da an sha zirga-zirga.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, shi ne ma ainihin dalilin wannan takarda. Gonar nan ba taka ba ce kai kaɗai. Ta mahaifinku ce, Allah ya jiƙansa, kuma ba a raba ta ba har aka tashe ku. An rubuta sunanka ne don kai ne babba, kai ne ka tsaya ranar da masu awo suka zo suna ƙirga mangwaro da ɗorawa da kaɗanya, suna yanka wa kowace bishiya kuɗinta. Amma a cikin kuɗin nan akwai tumunin mahaifiyarka da abokiyar zamanta. Akwai rabon ƙannenka mata da ke gidan aure. Akwai na autanku da ko sakandare bai gama ba. Bashin kuwa naka ne. Da na marigayi ne, da sai a fitar da shi kafin a raba gado, haka shari'a ta tsara, ba mai ja. Bashin ɗa mai rai ba ya hawa kan gadon 'yan'uwansa. Idan kuɗin gida gaba ɗaya suka sauka a asusunka na'ura ta share, to da haƙƙin maraya ka biya bashinka. Banki bai san da maraya a ciki ba. Kai ka sani.

Na ga yadda irin wannan ke ƙarewa. Ba a cika yin faɗa a ranar ba. Uwa takan ce ba komai, Allah ya mayar da alheri, ta shige ɗaki. Bayan mako guda mijin ƙanwa ya fara tambaya a fakaice, wai shin an biya kuwa? Bayan wata guda maganar ta kai gaban mai unguwa. Sallah ta zo, gidan da aka saba cika da jikoki sai ka ga kwano biyu kawai aka zuba. Ɗan'uwan da abin ya faɗa wa bai ci ko kwabo ba, amma har ya tsufa sunansa wanda ya cinye diyyar gidansu. Mutanen da harsashi bai raba ba, sai ka ga alat ɗaya ya raba su.

Maganin wannan yana gaban biya, ba bayansa ba. Ku zauna ku duka, a kira malamin da ya san rabon gado, a fitar wa kowa kasonsa a rubuce, kowa ya sa hannu, mai unguwa ya shaida. In so samu ne a kai kotu ta tabbatar, domin takardar kotu ta fi ta tsakar gida nauyi a gaban jami'i. Sannan ku ɗauki takardar ku je ofishin da ke biyan diyya, ku roƙa a raba layin, a rubuta sunan kowane magaji da lambar asusunsa. Wanda ba shi da asusu ya buɗe. Yanzu ba wani aiki ba ne ga mai katin ɗan ƙasa. Jami'i zai iya ce muku an riga an rufe jadawali. Ko ya faɗi haka ku miƙa buƙatar a rubuce, ku karɓi kwafi mai hatimi, sannan ka rubuta wa bankinka tun kuɗin ba su iso ba cewa kaza daga cikinsu amanar magada ce, ka haɗa da shaidar. A ƙa'idar banki ba a cire bashin mutum daga kuɗin da aka san amana ce a hannunsa, amma fa sai an sani, kuma sanin da aka yi kafin cirewa ya fi wanda aka kawo bayanta ƙarfi nesa ba kusa ba. Kada kuma ka ɗauka buɗe asusun haɗin gwiwa da ƙanenka ya wadatar, tunda BVN ɗinka yana jikinsa.

Idan an ware na kowa, sai a zo kan naka kason. Nan ina so ka yi abin da ran kowane mai bashi ba zai so ba: ka je bankin da ƙafarka kafin alat. Wanda ya je bayan an cire roƙo ya je yi. Wanda ya je kafin kuɗi su sauka ciniki ya je yi, domin ma'aikacin da ke riƙe da fayil ɗinka shi ma yana da na sama da shi da ke tambayarsa nawa ya karɓo, kuma mai bashin da ya kawo kansa ya fi masa wanda ake nema. Ka nemi a buga maka bayanin rancen tun daga ranar farko. Ka sa a nuna maka uwar kuɗi daban, ruwa daban, tara daban. Ka tambaya ko an haɗa rancen da inshorar amfanin gona, don irin wannan rance galibi ana cire kuɗinta tun a farko, ka ji me ta ƙunsa. Ka riƙe takardar dagaci ko ta hukumar agajin gaggawa ta jiha mai nuna an tashe ku daga garinku. Sannan ka faɗi abin da za ka iya: a yafe tara, a sassauta ruwa, ka ba da kaza yanzu, saura a tsara maka shi. Duk abin da aka amince a rubuta. Alkawarin baki na manaja yana tafiya tare da shi ranar da aka yi masa canjin wurin aiki.

Ka kuma binciki ƙungiya. Buhunan da ka kai a shekarar farko, da kuɗin da ka riƙa miƙa wa shugabanni, shin sun isa banki da sunanka? Ba zato nake yi wa kowa ba, amma a rancen ƙungiya sau da yawa abin da manomi ya biya da abin da aka rubuta masa ba sa haɗuwa. Ka tono rasiɗanka, ko da sun yi laushi. In kuma ka taɓa tsaya wa wani ya karɓi rance, ka tambayi matsayin nasa, kada a zo da shi ta bayan gida. Ranar da ka gama biya kada ka fito sai da takardar shaidar cewa ba a binka komai.

Kada ka ɗauka don na faɗi duk wannan ina ganin abin daidai ne. Doka ta halatta, amma ni a ganina akwai rashin tausayi a ciki. Diyya ba riba ba ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka idan aka karɓi fili don aikin jama'a, abin da ke kansa ake biya, gini da shuka da bishiya, ba ita ƙasar ba. Mutanen wannan yanki sun san haka tun zamanin gina matatar man Kaduna da aka buɗe a 1980. Tun daga tushe ke nan abin da za a ba ka bai kai abin da ka rasa ba. Ga kuma jinkiri. Ka tuna rikicin bayan zaɓen 2011 da ya ci Kafanchan da Zonkwa. An kafa kwamitin Sheikh Ahmed Lemu, amma sai a 2013 gwamnatin tarayya ta amince da kashin farko, naira biliyan 5.7 ga jihohi tara, Kaduna ma ba ta cikinsu a wannan karon. Duk tsawon irin wannan jira ruwan bashi yana hawa, darajar naira tana sauka. Kuɗin da aka yanka kafin cire tallafin mai a Mayun 2023, yau je ka da su wurin mai siminti ka ji. A ce daga cikin wannan ɗan abin ne kuma za a fara cire ruwan shekarun da mutum ya yi yana kwana a ajin makarantar firamare, abin da nauyi.

Wasu ƙasashen sun ci karo da wannan tambaya. A Indiya, bayan zaftarewar ƙasa a Wayanad ta jihar Kerala a ƙarshen Yulin 2024, wani bankin karkara ya cire kason rance daga tallafin gaggawa da aka tura wa waɗanda suka tsira. Jama'a suka yi ca, bankin ya mayar da kuɗin. A Amurka, tallafin korona na farko na dala 1,200 doka ba ta kare shi daga masu bin bashi ba. Da aka zo na dala 600 a Disambar 2020 sai majalisa ta rubuta kariyar a cikin dokar. Mu ma Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala kan 'yan gudun hijirar cikin gida tun 2012, kuma a cikinta akwai batun diyya. Abin da ya dace shi ne a ware wani kaso na diyyar wanda aka tasa, wanda na'ura ba za ta taɓa ba sai an zauna da shi. Ba ma sai mun je Kerala neman hujja ba. A Suratul Baƙara, dab da ayar da ta fi kowace tsawo, wadda ta yi umarni da rubuta bashi, an yi umarni da a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Maƙwabtanmu Kirista kuma suna da shi a littafin Maimaitawar Shari'a cewa ba a karɓar dutsen niƙan mutum jingina, don da shi yake ci. Idan 'yan majalisarmu suka zo neman ƙuri'a, wannan na cikin abin da ya kamata a tare su da shi, masallaci da coci baki ɗaya.

Amma kafin a gyara doka, da wadda ke ƙasa za ka yi aiki. Za a samu masu ba ka shawarar ka sa a tura naka kason asusun matarka, ko ka kwana da waya a hannu, da jin ƙara ka ruga ka kwashe. Ware haƙƙin 'yan'uwanka gaskiya ce ka bayyana. Ɓoye naka kuwa wani abu ne daban, kuma ba na so maka shi. Bashin ba zai mutu ba, ruwa zai ci gaba da hawa, sunanka zai zauna a kundin waɗanda ba a ba rance, kuma za ka wayi gari magidanci guda ba ka iya ajiye dubu goma da sunanka. Ban da haka, ka san abin da aka faɗa mana game da wanda ya mutu da bashi a wuyansa alhali yana da halin biya.

Sai masu zuwa da jaka. Da zarar an kafe sunaye za ka ga sun ɓullo: wannan zai ba ka wani abu yanzu ka biya idan diyya ta fito, wancan yana da hanya a ofis, ka sa hannu kawai ya wakilce ka. Akwai ƙwararrun masu ƙiyasta dukiya na gaskiya, masu rajista, kuma kasonsu a rubuce yake tun farko. Wanda ya ƙi ba ka kwafin abin da ka sa wa hannu, ko ya ce a bar wurin adadi fari za a cike daga baya, ka ba shi ruwa ya sha ka raka shi ƙofa.

Ka shigo ranar Litinin da sassafe, kafin hanyar Sabo ta cushe, mu tafi tare. Ka taho da katin ɗan ƙasa, da takardar rancen in tana wurinka, da rasiɗan ƙungiya, da takardar da masu awo suka ba ka. Kafin nan ka zauna da mahaifiyarka da abokiyar zamanta, ka gaya musu adadin bashin da bakinka, ba ragi, ka kuma aika wa ƙannenka su zo zaman rabon ranar Asabar. Ka gaishe mini da su duka.

Baffanka.